Sandar tok, sifana mai awo ko ƙarfin hannu: wanne ne ke ɗaure notin taya daidai?

Mai gareji da ke cire tayoyi daga safe zuwa yamma sauri yake so. Mai mota kuma abu biyu ne a ransa: kada taya ta fice yana cikin gudu, kuma ranar da ya yi faci a hanya ya iya kwance notin da sifanar da ke cikin but ɗinsa. Don a haɗa waɗannan buƙatun ne aka ƙera sandar tok, wannan doguwar sandar ƙarfe mai launi da ake sa wa tsakanin bindigar noti da soket, wadda masu sayarwa ke cewa tana hana ɗauri wuce ƙima. Wanda ke shirin saye sai ya tsaya yana lissafi: in na sayi sandunan nan, na huta da sayen sifana mai awo ke nan? Ko kuwa sifanar ce ya kamata in fara saye? A ganina sandar tana rage ɓarna ƙwarai, amma ba ta auna komai, kuma duk zaɓin da za a yi ya rataya ne a kan wannan bambancin.

Abin da ake nema a ɗaurin noti

Idan ka murɗa noti, bol ɗin da yake hawa yana ɗan miƙewa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Wannan miƙewar ce ke janyo taya ta manne da mazauninta. In miƙewar ta yi kaɗan, girgizar hanya za ta sassauta notin, ramukan wili su buɗe, wata rana taya ta kama gabanta. In ta yi yawa, bol ɗin ya wuce iyakar da zai iya komawa yadda yake, ya raunana, zaren da makanikai ke ce wa tiredi ya cinye, ko kuma ya karye. Ɗaurin da ba a daidaita ba, wani noti ya matse wani ya yi sako-sako, yana iya gurɓata zaman faifan birki, daga baya direba ya ji sitiyari na rawa duk sanda ya taka birki.

Tunda babu hanya mai sauƙi ta auna miƙewar bol a gareji, sai aka koma auna ƙarfin murɗawa, wato tok. Ana rubuta shi da niyuton-mita, a taƙaice Nm, ko da ma'aunin Amurka na ft-lb, kuma ft-lb ɗaya ya kai kusan Nm 1.36. Kowace mota da adadinta a littafinta. Yawancin Toyota Corolla da Camry Nm 103 ne, yawancin Honda Civic da Accord Nm 108, yawancin Volkswagen Golf Nm 120. Manyan motocin ɗaukar kaya masu noti goma a taya kuwa suna kaiwa Nm 600 ko sama da haka. Adadin da aka rubuta na busasshen zare ne mai tsabta. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ka sa yana ƙarewa ne wajen gogayya, a zare da kuma ƙarƙashin kan noti, kashi 10 kacal ke miƙar da bol. Ka shafa giris ko baƙin mai, gogayya ta ragu, bol ɗin ya ja fiye da yadda aka tsara alhali awonka yana nuna daidai. Tsatsa kuma akasin haka take yi. Saboda haka ko kayan aikin da ya fi kowanne tsada ba zai ceci wanda bai goge zare ba.

Da abubuwa biyar zan auna kowane zaɓi. Na farko daidaito: yaya kusancin ɗaurin da adadin littafi, kuma ko notocin taya ɗaya suna fitowa bai ɗaya? Na biyu sauri. Na uku sauƙin kuskure, wato yawan hanyoyin da mai aiki zai ɓata ɗaurin bai sani ba. Sai ƙarko da kulawar da kayan ke buƙata, sannan kuɗi. Daidaito da sauƙin kuskure sun fi sauran nauyi a wurina, don su ne ke taɓa rai.

Sandar tok: yadda take aiki

Sai an fahimci bindigar noti kafin a fahimci sandar. Bindiga, ta iska ce ko ta batir, ba ta murɗa noti a hankali yadda hannu ke yi. A cikinta akwai 'yar guduma da ke juyawa tana dukan maƙera sau ɗaruruwa, har sama da dubu a minti ɗaya, kuma kowane duka yana tura notin gaba kaɗan. Bindiga mai bakin rabin inci tana iya ba da Nm 600, wasu ma sun haura 1,000. Ka kwatanta da Nm 108 da ƙaramar mota ke so.

Sandar tok ƙarfe ne mai tauri da ke iya lanƙwasa ya dawo, an sirantar da tsakiyarsa da gangan. Lokacin da noti yake sako-sako, dukan bindiga yana ratsa sandar ya isa gare shi kai tsaye. Da notin ya fara matsewa ya yi turjiya, sai sandar ta fara murɗewa a kowane duka, ta shanye ƙarfin, sannan ta warware kafin duka na gaba ya iso. Kamar ka yi ƙoƙarin kafa turke da ɗanyar tsumagiya ne: a ƙasa mai laushi zai ɗan shiga, amma da ya taɓa tauri, tsumagiyar ce za ta riƙa lanƙwasa, turken yana nan inda yake. Siririyar sanda tana saurin murɗewa, don haka ɗaurinta kaɗan ne, mai kauri kuma tana barin ƙarfi mai yawa ya wuce. Shi ya sa ake sayar da su jeri-jeri, galibi 65, 80, 100, 120 da 140 a ma'aunin ft-lb, wato kusan Nm 88, 108, 136, 163 da 190. Kowace da launinta, amma launukan ba ɗaya suke ba a wajen duk masu ƙerawa, lambar da aka buga a jikin ƙarfen za ka duba.

Daga wannan bayanin za ka ga inda rauninta yake. Sandar ba ta san adadin da ke kan noti ba, kuma ba ta tsayar da bindiga. Abin da take yi kawai shi ne shanye wani kaso na kowane duka, kuma kason ya danganta da irin dukan. An tsara ta ne bisa bindiga mai wani ƙarfi da wani saurin bugu, galibi ta iska da ke aiki a kan matsin psi 90. In kwamfiresa ta yi rauni, ko tiyon iska ya yi tsawo kuma siriri, ɗaurin zai gaza lambar da ke jikin sandar. In bindigar ta fi ƙarfin da aka tsara, ɗaurin zai wuce. Bindigogin batir na zamani sun ƙara dagula lamarin, domin da yawansu suna bugu da sauri sosai, sandar ba ta gama warwarewa ba wani dukan ya sauka, sai ƙarfin ya riƙa taruwa yana wucewa zuwa noti. Ga kuma batir da ke cike da safe, ya yi ƙasa da rana.

Hannun mai aiki ma yana da nasa rabon. Wanda ya saki kunama da zarar soket ya daina juyawa, da wanda ya ci gaba da dannawa na wasu daƙiƙoƙi don ya tabbatar, ba za su sami ɗauri ɗaya ba, domin notin yana ci gaba da matsawa kaɗan-kaɗan muddin ana duka. Riƙe jikin sandar da hannu yayin aiki yana hana ta murɗewa yadda ya kamata. Ƙara mata wani ƙarfen tsawo, ko sa soket mai sako-sako a baki, ko karkatar da bindiga, duk suna canja sakamako. Sa ta a kan sifanar hannu kuwa aikin banza ne: tunda babu duka, za ta murɗe ne kawai ta miƙa duk ƙarfin da ka sa, har ta lalace. Haka nan ba a kwance noti da ita.

To tana ɗaurewa daidai? In bindiga ɗaya ce, iska ɗaya, mai aiki ɗaya mai natsuwa, kuma an gwada haɗin an san halinsa, tana kawo ɗauri kusa da adadin da ake so, kuma ta fi bindiga tsura nesa ba kusa ba. Amma lambar da ke jikinta alkawari ne mai sharaɗi, kuma ranar da sharaɗin ya karye babu ƙara ko alamar da za ta gaya maka. Wajen sauri bindiga tsura ce kawai ta fi ta. Kuɗin jerin sanduna matsakaici ne, sai dai ka tuna ba ta da amfani sai da bindiga, wadda ita ce mai tsadar. Wajen ƙarko, ba ta da sassan da ke motsi, amma ƙarfen da ake murɗawa dubban sau a kullum yana gajiya. Wadda ta lanƙwashe, ta tsage, ko bakinta ya cinye, a jefar da ita.

Mai gareji zai iya gwada sandarsa da kansa. Ya ɗaure noti da ita yadda ya saba, ya ja layi da alli daga notin zuwa jikin wili, ya sassauta, sannan ya sake ɗaurewa da sifana mai nuna awo har layin ya haɗu, ya karanta adadin. In ya maimaita a kan notoci da yawa zai ga inda bindigarsa da sandarsa suke sauka, ya rage ko ya ƙara ƙarfin bindigar. Ka lura cewa ko gwajin ma sai da sifana mai awo.

Sifana mai ƙara

Ita ce wadda aka fi sani. Kana murɗa mariƙinta zuwa adadin da kake so, sifirin da ke ciki, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai matsewa ya dawo, ya matse, ka ja a hankali, da ƙarfin ya kai sai ka ji ƙas, hannunka ma ya ji ta ɗan saki. Ƙa'idar ISO 6789, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sifanonin awo, ta yarda wa irin wannan sifanar kuskuren kashi 4 cikin 100 sama ko ƙasa, wato in ka saita Nm 108 za ka sauka tsakanin 104 da 112. Ta fi yin daidai daga kashi 20 na ma'auninta zuwa sama, don haka ga ƙananan motoci a nemi mai bakin rabin inci da ke kamawa daga wajen Nm 40 zuwa 200.

Kurakuranta sanannu ne kuma ana iya kauce musu. Ana jin ƙarar a tsaya, kada a ƙara ja. Kada a fizga, kada a sa mata bututu, kada a kwance noti da ita. In an gama aiki a mayar da ita ƙaramin adadi don sifirin ya huta. Ƙa'idar da na ambata ta ce a sake gwada daidaitonta duk wata 12 ko bayan amfani 5,000, wanda ya riga zuwa. Mai mota ɗaya zai daɗe bai kai wannan adadin ba, mai gareji kuwa cikin 'yan watanni zai wuce shi. Faɗuwa ƙasa mai ƙarfi ma tana iya ɓata ta.

Akwai wani kuskuren da ya fi duk waɗannan yawa, kuma masu yinsa suna ganin daidai suke yi. Mutum zai ɗaure taya da bindiga iya ƙarfinta, sannan ya ɗauko sifana mai ƙara ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce ƙas nan take, sai ya ce an duba. Ba a duba komai ba. Ƙarar da ta fito ba tare da noti ya motsa ba tana nufin ɗaurin ya kai adadin ko ya wuce, amma ba ta faɗin da nawa ya wuce. Notin da ke kan Nm 110 da wanda ke kan 300 ƙara ɗaya za su ba ka. Awo na gaskiya shi ne notin yana cikin juyawa sifanar ta yi ƙara. Wannan ne dalilin da ya sa hanyar da ta fi dacewa da sandar tok ita ce a zaɓi wadda ba ta kai adadin mota ba, misali ta ft-lb 65 ga motar da ke son ft-lb 80, a bar wa sifana ɗan ragowar juyin ƙarshe.

Mai allura da mai lantarki

Sifana mai allura ita ce mafi sauƙin ƙira: dogon ƙarfe da ke lanƙwasa in ka ja, da siririyar allura da ke nuna adadi a kan faranti. Ba ta da sifirin da zai gaji, tana da araha, kuma muddin allurar tana kan sifili kafin a fara, ana iya dogara da ita shekara da shekaru. Matsalarta a aikin taya ita ce dole idonka ya fuskanci farantin kai tsaye alhali kana durƙushe kana ja da ƙarfi, kuma duba ta a karkace yana sa a karanta ba daidai ba. Ta fi kyau a matsayin abin gwada sauran kayan.

Mai lantarki tana nuna adadi a ƙaramin allo, ta yi ƙara ko ta kunna fitila in an kusa, kuma masu ƙera da yawa suna rubuta mata kuskuren kashi 2. Ta fi tsada, tana son batir, ba ta son ruwa ko faɗuwa. Ga notin taya, wannan ƙarin daidaiton bai cika biyan kuɗinsa ba, tunda bambancin da tsatsa ko maiƙo ke kawowa ya fi shi girma. Akwai kuma ɗan akwatin awo na lantarki da ake sa wa tsakanin sifanar hannu da soket, wanda ya fi arha kuma ba ya cin wuri.

Wil-sifana da bindiga tsura

Wil-sifanar da ke zuwa da mota an yi ta gajera ne da gangan, don mai matsakaicin ƙarfi in ya ja da hannu ya sauka kusa da abin da ake so. Ta ishe ka fita daga matsala a hanya. Ɓarnar tana farawa ne in an hau ta da ƙafa. Mutum mai kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen sifana mai tsawon rabin mita ya sa wa notin kusan Nm 340, ninki uku na abin da Civic ke buƙata, tun kafin ya yi tsalle a kai. In an sa mata bututu har tsawon ya kai mita ɗaya, adadin ya ninka sau biyu.

Bindiga ba tare da sanda ba ba ta cancanci dogon bayani ba. Ta kwancewa ce, da kuma kai noti kusa a ƙaramin gudu bayan an fara sa shi da yatsu. Wanda ya ce kunnensa ya san lokacin da ɗauri ya kai, ƙarar bindiga yake ji, ba adadin ba.

| Hanya | Daidaito | Sauri | Sauƙin kuskure | Ƙarko da kulawa | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Bindiga tsura | Babu | Mafi sauri | Mai yawa ƙwarai | Ya danganta da bindigar | Mai yawa |
| Sandar tok da bindiga | Kusa-kusa, bisa sharaɗi | Mai sauri sosai | Mai yawa, kuma ba ya nuna kansa | Tana daɗewa, amma ƙarfen na gajiya | Matsakaici, ban da bindiga |
| Sifana mai ƙara | Kashi 4 sama ko ƙasa | Matsakaici | Kaɗan in an koya | Gwaji duk shekara | Matsakaici |
| Sifana mai allura | Mai kyau in an karanta daidai | A hankali | Wajen karantawa | Mafi ƙarko | Kaɗan |
| Sifana mai lantarki | Mafi daidaito | Matsakaici | Kaɗan | Batir, ba ta son faɗuwa | Mai yawa |
| Wil-sifana | Ƙiyasi | A hankali | Mai yawa in an taka | Ba ta lalacewa da wuri | Tana zuwa da mota |
| Sanda ƙasa da adadi, sannan mai ƙara | Na sifana mai ƙara | Mai sauri | Kaɗan | Na kayan biyu | Mafi yawa a jimla |

Kowace hanya ka ɗauka, akwai abin da ba ya canjawa. A goge fuskar mazaunin taya da bayan wili, a fara sa kowane noti da yatsu don kada zare ya hau a karkace, a ɗaure a tsallake-tsallake kamar zanen tauraro maimakon bin da'ira, a yi ɗaurin ƙarshe bayan taya ta taɓa ƙasa yadda ba za ta juya ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin da sifana, musamman a wilin alminiyam, don yakan ɗan zauna bayan an fara tafiya.

Wa ya kamata ya sayi me

In motarka ɗaya ce ko biyu, kuma sau ƙalilan kake taɓa taya a shekara, ka manta da sandar tok. Sifana mai ƙara da soket ɗin da ya dace da notinka sun ishe ka, kuma mintunan da sanda za ta rage maka ba su kai kuɗinta ba. Da ita ma za ka iya gyara aikin da aka yi maka a waje: ka sassauta kowane noti kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, ka sake ɗaure shi zuwa adadin littafi. In kuɗin ya yi maka yawa, mai allura za ta yi, sai dai ka yi haƙurin karanta ta.

In kana da bindigar batir a gida kana tunanin ƙara mata sanduna, ka fara da sifanar tukuna. Bindigar batir ce ta fi saɓa wa lambar da ke jikin sanda, kuma ba za ka san halin taka ba sai ka gwada. In bindigar tana da ƙaramin gudu, shi kaɗai ya isa ya kai noti kusa kafin sifana ta ƙarasa.

Mai gareji ko mai faci da motoci ke layi a gabansa shi ne sandar tok ta yi wa rana. Tana kare bol ɗin kwastomomi daga yaron shago mai nauyin hannu, tana rage lokacin kowace taya. Amma ya ɗauke ta matakin farko: sanda mai ƙasa da adadi, sannan sifana mai ƙara a kan kowane noti, kuma ya ajiye sifana ta biyu, mai allura ko mai lantarki, wadda ba a aikin yau da kullum da ita sai gwada sauran. Duk ranar da aka canja bindiga, ko kwamfiresa, ko tiyo, a sake gwajin alli.

Masu aikin manyan motoci kuwa jerin sandunan ƙananan motoci ba nasu ba ne. Adadinsu yana buƙatar sifana mai bakin inci uku bisa huɗu ko inci ɗaya, ko na'urar ninka ƙarfi da ake haɗawa da sifana mai awo, kuma a irin wannan nauyin sake duba notoci bayan tafiyar farko dole ne.